Jinin da ya zo ba lokacinsa ba

Jawabin da wata ƴar uwarmu saj-fam ta gabatar a zaman kiwon lafiya na bukin, kan sankarar bakin mahaifa

 

Iyayenmu malamai, shugabannin ƙungiya, iyaye mata da ke zaune can baya, ƙannena samari da ƴan mata, ina gaishe ku, kuma ina neman afuwa tun ban fara ba. Maganar da aka ɗora mani yau ba irin wadda ake yi gaban surukai ba ce. Zan ambaci jini, zan ambaci kwanciyar aure, zan ambaci gaban mace. Wanda kunya ta kama ya sunkuyar da kai, amma don Allah ya bar kunnensa a buɗe. Ni ma da kunyata, aiki ne ya rage mani ita. Na daɗe a matarnite, na ga abin da shiru yake yi ma mata.

Bari in fara da wata baiwar Allah, ba zan faɗi garinsu ba. Ta haura shekara hamsin, ta haifi tara, al'ada ta ɗauke mata da daɗewa. Wata rana sai ta ga jini. Abin da ya fara zo mata a rai shi ne salla: ta yi ko ta bari? Ta aiki ƴarta wajen malamin unguwa. Malam ya ba da amsa daidai, ya ce wannan ba haila ba ce, jinin cuta ne, ta wanke, ta yi alwala, ta yi sallarta. Hankalinta ya kwanta. Haka ta yi ta wankewa tana salla har shekara ta zagayo. Daga baya ruwa mai wari ya biyo baya, sai ta ce sanyi ne, aka sayo mata kapso wajen masu tallar magani, aka jiƙa saiwa, aka yi hayaƙi. Da warin ya yi yawa ta kwashe tabarmarta ta koma ɗakin baya, ta daina zuwa buki da suna, kullum kasko na cin turare. Ranar da ɗanta ya ɗauko ta bisa kabu-kabu ya kawo mana, ƙafarta guda ta kumbura, ba ta iya zama sai a karkace. Ina dubawa na san inda muke. Yaron nan, sa'an da yawa daga cikinku, ya bi ni waje ya ce, “Inna, da mun zo bara fa?”

A ranar ban iya ba shi amsa ba. Amsar ce na kawo maku yau. Da sun zo bara, da an fi samun abin yi. Da kuwa ta zo shekara goma ko goma sha biyar kafin nan, lokacin da take lafiya lau tana daka tana surfe, ba ciwo ba jini, da mai yiwuwa aikin ƴan mintoci ya raba ta da abin gaba ɗaya.

Ku lura, malam bai yi kuskure ba. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta Ahalari ya san akwai haila, akwai biƙi, akwai istihala. Mu da Hausa muna ce ma istihala jinin cuta. To ga sunan nan a bakinmu, cuta, amma ba mai tambaya wace cuta ce. Tambaya biyu ce ke cikin jinin da ya zo ba lokacinsa ba. Ta farko ta malam ce: yaya zan yi da salla da azumi? Ta biyu tamu ce, ma'aikatan likita: daga ina jinin nan yake fitowa? Mata suna yin ta farko, Allah ya saka masu, ba su wasa da ibada. Ta biyun ce ake bari har sai wari ya yi ta da kansa.

Yanzu in faɗa maku yadda ciwon yake. Ku ɗauki mahaifa kamar tulu da aka kife. Cikin tulun nan ne ɗa yake kwanciya, bakinsa kuma yana kallon ƙasa, ya leƙo cikin gaban mace. Wannan bakin shi ne yake buɗewa ranar haihuwa, shi ne muke aunawa da yatsa mu ce ya buɗe kaza. A nan sankarar take tsira. Kusan dukkanta wata ƙwayar cuta ce ke kawo ta, ana kiran ta papiloma, a takarda za ku ga an rubuta HPV. Wani likita Bajamushe, Harald zur Hausen, shi ya gano alaƙar ƙwayar da wannan kansa, har aka ba shi kyautar Nobel a 2008. Ƙwayar iri-iri ce, amma iri biyu, mai lamba 16 da mai lamba 18, su ke da alhakin kusan kashi 70 cikin ɗari na ciwon.

Ana ɗaukar ta wajen kwanciya. To nan ne nake so kowa ya natsu, don na san abin da ya faɗo ma wasu a rai yanzun nan. Wallahi wannan ba ciwon ƴan iska ba ne. Ƙwayar nan ta yaɗu ƙwarai a duniya, har masana suka ce mafi yawan mutanen da suka taɓa kwanciya, maza da mata, sun gamu da ita ko sau ɗaya a rayuwarsu ba tare da sun sani ba. Namiji yana ɗauke da ita ba ƙurji ba zafi. Mace da ba ta san kowa ba sai mijinta tana iya samun ta. Mu nan da bazawara ke sake aure, bazawari ke sake aure, gida guda mata biyu ko uku, duk cikin halal, ƙwayar tana da hanyar bi ba sai an yi saɓo ba. Kuma tana iya kwanciya shekara da shekaru, ba mai iya ce maka ranar kaza ta shiga ko daga wa ta fito. Saboda haka namijin da aka ce ma an ga wani abu a bakin mahaifar matarsa, ya koma gida yana hararar ta, ya zalunce ta, ya kuma ɗauki alhaki a banza. Na taɓa ganin wadda aka ba takardar saki saboda wannan. Tun daga ranar, matan unguwarsu suka ɗauke ƙafa daga awo, kowa na tsoron a gano mata abin da zai kashe mata aure.

Yawancin waɗanda ƙwayar ta shiga, jikinsu yana kashe ta da kansa cikin shekara ɗaya zuwa biyu, shi ke nan an wuce wurin. Ga kaɗan daga ciki sai ta maƙale, ta riƙa canza fatar bakin mahaifa a hankali. Daga wannan canji zuwa kansa ta sosai, ana ɗaukar shekara 15 zuwa 20. Ga mace mai ɗauke da ƙwayar sida abin ya fi sauri, shekara 5 zuwa 10, kuma hatsarin kamuwarta ya ninka na sauran mata sau shida. Akwai abubuwan da ke ƙara hatsarin: ɗaukar cikin fari da ƙuruciya sosai, yawan haihuwa, shan taba. Ban zo in ce ma kowa ga yawan ƴaƴan da zai haifa ba. Amma gaskiyar da ke gabanmu ita ce, yawancin iyayenmu mata an kai su ɗaki da wuri, sun kuma haihu da yawa, don haka su ne suka fi cancanta a duba.

Duk tsawon shekarun nan da na faɗa, mace ba ta jin komai. Kamar gara ce a gindin rumbu: daga waje rumbu tsaf, hatsi cike, sai ranar da ya zauna. Manomin kirki ba ya jiran wannan ranar, yana duƙawa ya leƙa ƙasa lokaci-lokaci. Leƙawar nan ita ce awon da nake kira a yi. Awo na mai lafiya ne. Wannan ita ce maganar da ta fi wuyar shiga kunne, don mu mun saba ba a zuwa gidan likita sai an kasa tashi. Mace ta ce mani, “Ni da ba abin da ke damuna, me zan je nema?” Na ce mata, ai shi ya sa nake so ki zo yanzu.

Yaya ake awon? Mata da yawa suna jin kamar fiɗa za a yi masu. Ba haka ba ne. Mace za ta kwanta kamar yadda take yi wajen awon ciki. Saj-fam za ta sa wani ɗan ƙarfe ko roba mai kama da bakin agwagwa ta buɗa gaban kaɗan don ta hangi bakin mahaifa da fitila. Sai ta shafa ruwan binegar da auduga, irin dai wanda kuka sani ana zuba ma salati, an daidaita ƙarfinsa. A jira minti guda. In akwai wurin da fatar ta fara canzawa, sai ya yi fari, ya fita daban. Wani lokaci a ƙara da ruwan aidin mai suna lugol: fata mai lafiya ta rine ta yi duhu, mai matsala ta ƙi karɓa. A karne za ku ga an rubuta IVA ko IVL. Babu allura, babu yanka, ɗan sanyi ne da ɗan yaji-yaji, kuma kafin ki ɗaura zane an faɗa maki sakamako. Akwai wasu hanyoyin a manyan asibitoci: a shafo ɗan abu daga bakin mahaifa a kai labo a duba da madubin likita, ko a nemi ƙwayar HPV ɗin kanta, wanda shi ne awon da hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta fi so inda hali ya samu. Ga wadda al'ada ta ɗauke ma, binegar ba ya nuna komai sosai, don wurin da ake nema yakan shige ciki. Ita waɗannan hanyoyin suka fi dacewa da ita.

Shawarar OMS ita ce mace ta fara awo daga shekara 30, mai ɗauke da ƙwayar sida kuma daga 25. In da binegar aka yi aka ga lafiya, a dawo bayan shekara uku. Na san da yawa cikin iyayenmu ba su riƙe da shekarunsu, to ku ƴaƴansu ku ƙirga masu. In ɗanta na fari ya isa shiga kolej, ai ta kai.

In an ga farin tabo fa? Wannan ba kansa ba ce tukuna, hanyarta ce. Ana kashe wurin ko da sanyi mai tsanani, ko da wani ɗan ƙarfe mai zafi da ake ɗorawa ƙasa da minti guda, ko a shafce wurin da wata ƴar waya mai lantarki in ya yi faɗi. Ba a cire mahaifa, ba ya hana haihuwa, mace da ƙafarta take komawa gida. Ruwa zai riƙa zubo mata na wasu makonni, kuma ana so miji ya ɗaga mata ƙafa kamar wata guda har wurin ya warke, sannan ta dawo a sake dubawa bayan shekara. Maza, wata gudan nan naku ne. Na sha ganin mace ta ƙi yarda a yi mata maganin don ta san ba za a yi mata haƙuri a gida ba, ko tana tsoron kishiya ta ji. Wanda ya iya jiran arba'in na biƙi, wata guda ba zai gagare shi ba.

Wadda kuma ta riga ta ga alama, ita ba jiran kamfen ko watan Oktoba za ta yi ba, gobe da safe za ta tafi. Jini bayan kwanciya da miji, ko ɗigo ne. Jini tsakanin al'ada da al'ada. Jini bayan al'ada ta ɗauke, wannan kam ko sau ɗaya ne. Ruwa mai wari ko mai haɗe da jini da ya ƙi jin magani. Ciwon mara da na baya da ba ya sauka. Ba duk mai wannan ce ke da kansa ba, sau da yawa wani abu ne mai sauƙi, amma ido ne kawai zai raba. Kuma ina roƙon ƴan uwana mata, a bar cusa magunguna a gaba don tsayar da jini ko kashe wari. Ban ce su ke kawo kansa ba. Abin da na gani shi ne suna rufe alamar, su cinye watannin da ake da su.

Ko kansar ta riga ta kama, in da wuri aka gan ta ana warkewa, da fiɗa ko da gashin na'ura da magani. Amma ku dubi abin da ke tsakanin zuwa da wuri da zuwa a makare a ƙasarmu. Awo da kashe tabo, ana iya yin su kusa da gida. Gashin na'ura kuwa sai Yamai, a cibiyar yaƙi da kansa ta ƙasa, inda aka fara shi a 2021. Kafin nan sai an fita waje. Daga Maraɗi fiye da kilomita 600 ne, daga Damagaram kusan 900. Tun 2007 hukuma ta sanya kansar mata cikin abubuwan da ake kulawa da su kyauta, amma kowa ya san kuɗin mota, da masauki, da abincin mai jinya, da gonar da aka bari ba mai nome ta, duk daga aljihun iyali suke fita. Na ga gidan da aka sayar da shanun huɗa da amalanke saboda wannan tafiya. Ku auna shi da litar esansi guda da za ta kai tsohuwa CSI ta dawo da ita.

Ba mu kaɗai ba ne. A lissafin OMS na shekarar 2022, mata kusan 660,000 suka kamu a duniya, kusan 350,000 suka rasu, kuma fiye da kashi 90 cikin ɗari na mamatan a ƙasashe marasa ƙarfi irin namu suke. Matan Turai ba wani jini na daban gare su ba, awo ne suka riƙe shekaru da yawa. A ranar 17 ga Nuwamba 2020 ƙasashen duniya suka ɗauki alkawarin kawar da ciwon, da buri uku kafin 2030: a yi ma kashi 90 na ƴan mata rigakafi kafin su kai shekara 15, a auna kashi 70 na mata a shekara 35 a kuma sake a 45, a yi ma kashi 90 na waɗanda aka samu da matsala magani.

Tunda na ambaci rigakafi, bari in taɓa shi, don na san akwai magana a kansa. Allurar HPV ta fito tun 2006, ana yi ma ƴan mata masu shekara 9 zuwa 14, wato kafin aure, kafin su gamu da ƙwayar. Ruwanda ta fara yi ma ƴan matanta a 2011, maƙwabtanmu Najeriya suka fara a watan Oktoba na 2023. Saƙon murya da ke yawo a WhatsApp cewa tana hana haihuwa, ni ma an turo mani. Ƴan matan da aka fara yi ma yau kusan shekara ashirin, sun yi aure sun haihu. Abin da ke raba mace da mahaifarta shi ne kansar da aka gani a makare. Duk ranar da aka ce ga allurar a garinku, ku je ku tambayi majo ko saj-fam ido da ido, ku bar ɗaukar fatawar lafiya daga wanda ba ku san fuskarsa ba. Kuma allurar ba ta ɗauke ma uwa awo, ita ta ƴarta ce.

Wani zai ce, in namiji ne a wurin fa? Tambaya ce mai kyau, kuma haƙƙin mace ne ta ce ita mace take so ta duba ta. A yawancin wurare saj-fam ce ke wannan aiki. In kun je kun tarar ba a yi a nan, ku tambayi inda ake yi, a rubuta maku takarda zuwa asibitin gunduma ko cibiyar uwa da yaro ta jiha. Kada a ce maku babu ku koma gida ku zauna. Mu ma ma'aikata muna da namu laifin, ban ɓoye ba: wata tsawar da ake yi ma mace a ɗakin awo ta isa ta hana ta dawowa har abada. Muna faɗa ma junanmu wannan.

To me ya sa aka kawo maganar nan gaban matasa, alhali yawancinku ba ku kai shekarun awo ba, rabinku ma ba ku da mahaifa? Saboda tsohuwar da na ba ku labari ba ta da moto, ba ta da talho, ba ta karanta takarda, kuma ba za ta taɓa buɗa baki ta gaya ma ɗanta namiji tana zubar da jini ba. Ko za ta mutu. Ku ne masu moto, ku ne masu karatu, ku ne kuke zaune a fada kuna shan shayi har dare kuna jin labarin duniya. Ban ce ka je ka tsare mahaifiyarka da tambayar da za ta sa ta rufe fuska ba. Ka bi ta hannun yayarka, ko matarka, ko gwaggo. Ka ce an ce duk macen da ta kai talatin a duba ta, ga kuɗin mota, ni zan kai ku. Mai mata biyu ya kai su tare, kada a ce an ware wata. Ku kuma ƴan mata masu zuwa makarantar Islamiyya da ta dare, ku ne kuke wanke ma iyaye zannuwa, kun fi kowa sanin abin da ke faruwa a ɗaki. In kin ga jini a zanen wadda ta daɗe da barin al'ada, kada ki wanke ki yi shiru.

Iyayenmu malamai, roƙona gare ku ɗan ƙarami ne. Kun fi ni sanin matsayin neman magani a addini, ba zan yi karambani a gabanku ba. Mata suna zuwa wurinku da maganar jini kafin su zo wurinmu, ko su aiko matanku. In kun gama ba da hukuncin salla da azumi, ku ƙara kalma guda: “Je ki likita a duba ki.” In daga bakinku ta fito, miji ba zai hana ba, ita ma ba za ta ga kamar ta yi rashin tawakkali ba. Malamai mata masu karantar da babin haila, ku ma haka.

An ce mani lokaci ya ƙare. Bayan an tashi zan zauna a ajin da ke kusa da ƙofa, ni da abokiyar aikina, har zuwa kiran la'asar. Mata kaɗai za su shiga. Wadda ke da tambaya ta zo, wadda ta zo da karnenta ta riƙo shi. Samari masu tambaya a kan iyayensu ko matansu, ku rubuta a takarda ba sai kun sa suna ba, ku ba shugaban zama, zan amsa kafin in tafi.

Abin da na faɗa daidai Allah ya amfane mu da shi, inda na yi kuskure ko na yi ɓaram-ɓarama a gaban manya, a yafe mani. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.